Yadda za ka tashi daga Katsina ka je ka koya wa ƙananan almajiran Buda Turanci

Bari in fara da kashe zancen da ya fi jan mutanenmu, wannan fa ba ci-rani ba ne. Babu albashi, babu ɗan alawus irin na bautar ƙasa, kai ne ma za ka zuba kuɗɗinka, tikitin jirgi naka, biza taka, sau da yawa har kwana da abinci kai za ka biya. Duk wanda ya ce maka akwai aikin koyar da malaman Buda a Tailan ana biyan dala kuma su za su yi maka tikiti, ka kama kanka, zan zo kanshi a ƙasa. Abin da kake samu shi ne gogewa a aji, takardar shaida daga wata ƙasa wadda take da nauyi in kana neman sikolashif ko aikin ƙungiyoyi, sai kuma ganin duniya. In wannan bai ishe ka ba to tun nan ka aje maganar, ba laifi ba ne.

Su wa za ka koya mawa? Yara ne maza, wasu shekara bakwai takwas wasu sun kai sha tara, an aske masu kai tas an ɗaura masu mayafi, a Tailan da Lawos da Kambodiya da Siri Lanka mayafin ruwan goro ne ko ruwan lemo, a Nefal da arewacin Indiya inda ake bin tsarin Tibet kuma ja ne mai duhu. Ana ce masu samanera, ba su zama cikakkun malamai ba don sai mutum ya cika shekara 20 ake naɗa shi, kafin nan dokoki 10 suke riƙewa, manyan kuma a ɓangaren Terabada, wato tsarin da ake bi a su Tailan da Siri Lanka, 227 ke kansu. Mafi yawan yaran nan ɗiyan talakawan ƙauye ne, uba ba ya da halin makaranta sai ya kai yaro gidan ibada inda zai samu ci da kwana da karatu kyauta, yaro ya tashi tun kafin alfijir ya yi haddar littafinsu da ƙarfi cikin taro, gari na wayewa ya ɗauki ƙwarya ya bi layi mutanen gari su zuba mashi shinkafa. Ɗan Katsina ko ɗan Daura ba sai an yi mashi dogon bayani ba, tsangaya ce da wani addini da wata kalar riga, kuma wallahi wannan ita ce ribar da kake da ita bisa Baturen da za ku zamna aji ɗaya, shi yana kallon abin kamar fim kai kau ka san yaron da ya bar uwarshi yana ɗan shekara takwas, ka san inda ke mashi ciwo. Da yawansu ba za su dawwama cikin mayafin ba, suna gama sakandare su tuɓe su shiga gari neman aiki a otal ko rakiyar 'yan yawon buɗe ido, shi ya sa suke son Turancin kamar me.

To sai zaɓen ƙasa, kuma a nan ne nake son ka buɗe kunne don shafukan da ke tallata abin duk don masu fasfo ɗin Turai da Amurka aka rubuta su. Za ka ga an ce "ana ba da biza a filin jirgi", ba da kai ake ba. Nefal tana da jerin ƙasashen da ba ta ba su biza a filin jirgin Katmandu kuma Najeriya na ciki tare da Gana da Kamaru da wasu, dole ka samo ta daga ofishin jakadancinsu kafin ka taso, ga shi ba su da cikakken ofishi a Abuja, na Afirka suna Alƙahira da Firitoriya. Lawos da Kambodiya su ma koren fasfo ba ya samun sauƙin da wasu ke samu, su ma ba ka ishe ofishinsu a Abuja. Miyanma kau cire ta a lissafi gaba ɗaya, tun juyin mulkin Fabrairun 2021 ƙasar ke cikin yaƙi. Saura Tailan da Indiya, duk biyun suna da ofishi a Abuja, ni a ganina mai farawa ya tsaya kan ɗaya cikin biyun nan. A Tailan garin da abin ya fi yawa shi ne Chiang Mai can arewa, gidajen ibada sun fi ɗari, har akwai wani zama da ake yi a gidajen ibada na Wat Chedi Luang da Wat Suan Dok inda baƙo ke zuwa ya zamna ya yi hira da malaman don su gyara bakinsu. A Indiya kuma Dharamsala ne, inda Dalai Lama, babban jagoran addinin Buda na Tibet, ya zamna bayan ya baro Tibet a 1959, akwai ƙungiyoyi irin su Lha da ke haɗa ajin hira da Turanci ga 'yan gudun hijirar Tibet har da masu mayafi. Ba wai Nefal ba ta da daɗi ba, kewayen hasumiyar Boudhanath a Katmandu cike yake da irin makarantun nan, kuma Lumbini inda aka haifi Buda ma a can take, kawai dai wahalar bizar ce za ka auna.

Takardu. Fasfo ya kasance da saura aƙalla wata 6 daga ranar da za ka shiga, in naka ya kusa mutuwa je ofishin imigireshin na Katsina ka sabunta tun kafin ka fara rubuta wa kowa. Katin rawaya na rigakafin shawara dole ne, Najeriya na cikin ƙasashen da ake tambayar mutanenta, ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke ba da shi, ka yi na gaskiya wanda aka yi maka allurar ba na bayan fage ba, kuma sai ta kwana 10 a jikinka kafin katin ya fara aiki. Sai takardar shaidar hali daga 'yan sanda, duk wurin kirki da ke da yara zai tambaye ta, wurin da bai tambaya ba ma ni sai ya ba ni tsoro. In Tailan ce akwai ƙarin guda da mutane ke mantawa, takardar wankewa daga NDLEA, ba za su duba bizarka ba sai da ita kuma tana cin lokaci don haka da ita za ka fara. Sannan dokar Tailan tana lissafa aikin sa kai a matsayin aiki ko da ba a biyanka ko sisi, ma'ana bizar yawon buɗe ido ba ta rufe ka ba, abin da ya dace shi ne bizar da suke kira Non-O tare da izinin aiki, kuma ƙungiyar da ta gayyace ka ce za ta ba da wasiƙa da takardun rajistarta. Za ka ji Turawa na cewa su da ta yawon buɗe ido suka yi ba abin da ya faru, eh su ne, ranar da aka zo bincike kai za a fara tambaya, kuma in aka buga maka jan tambari ba kai kaɗai ya shafa ba har na bayanka. Nefal ma doka ba ta yarda da aikin sa kai bisa bizar yawo ba, kuma ba a wuce kwana 150 a shekara da ita. Kada ka bari biza ta ƙare kana ciki, a Tailan tarar baht (kuɗɗin ƙasar) 500 ce kowace rana har ta kai 20,000, bayan tsarewa da hana shiga.

Yanzu maganar da na ce zan zo kanta. Akwai gungun 'yan damfara a iyakar Tailan da Miyanma wajen Myawaddy, da kuma Sihanoukville a Kambodiya, suna tallan aiki a Facebook da Telegram da WhatsApp, aikin ofis, aikin fassara, aikin koyarwa, su yi maka tikiti har Bankok, mota ta ɗauke ka a filin jirgi, sai dai ka farka ka gan ka an tsallaka kogi da kai an karɓe fasfo an aje ka gaban kwamfuta kana damfarar mutane dole, wanda bai kawo kuɗɗi ba a dake shi. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya ce aƙalla mutum 120,000 ke cikin wannan hali a Miyanma, wajen 100,000 a Kambodiya, kuma 'yan Afirka masu jin Turanci na cikin waɗanda suke farauta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Gidan ibadar da ke neman mai koya wa yara ABCD ba ya da kuɗɗin yi maka tikiti daga Kano, in ka ga an yi maka to ba su ba ne. Haka ejan ɗin da zai ce ka kawo fasfo da miliyan kaza shi zai gama komai ba sai ka yi magana da kowa ba, bar shi da Allah.

Ta ina ake samun wurin gaskiya? Hanya biyu ce. Akwai kamfanonin da ke haɗa mutum da wuri su karɓi kuɗin rajista da na kowane mako, su tarbe ka su ba ka ɗaki, sun fi tsada amma akwai wanda za ka kira in abu ya cakuɗe. Akwai kuma rubuta wa makarantar ko ƙungiyar kai tsaye ta imel, ko ta shafuka irin su Workaway, ya fi araha amma duk nauyin binciken na kanka. Ko wacce ka bi, tambayoyin nan ka yi su a rubuce ka ga amsa a rubuce: sunan gidan ibadar da adireshinshi don ka duba a taswira, yara nawa ne a aji kuma shekarunsu nawa, awa nawa za ka koyar a rana, akwai malamin Turanci ɗan ƙasa da za ku yi aiki tare ko kai kaɗai ne, cikin kuɗɗin da za ka biya nawa ke isa makarantar, kuma za su ba da wasiƙar biza ko ba za su ba. Ka faɗa masu tun a wasiƙar farko cewa kai ɗan Najeriya ne kuma Musulmi ne mai sallah biyar da ba ya cin alade. Kada ka ɓoye wai don kar a ƙi ka, gara a ƙi ka kana ɗakinka a Ƙofar Ƙaura da a ƙi ka bayan ka sauka. Wasu za su yi shiru ba amsa da sun ga Najeriya, wasu su ce su "ɗan asalin Turanci" suke so, wato farar fata, abin na da ciwo amma akwai shi, wuce ka rubuta wa na gaba. Ka nemi a yi kiran bidiyo ka ga ajin da idonka, ka nemi a haɗa ka da wani da ya taɓa koyarwa a wurin. In suka fara karkatar da kai zuwa gidan marayu ka ce a'a, a Nefal da Kambodiya an sha gano gidajen da ake tara yaran da iyayensu na raye don kawai a ja kuɗɗin baƙi.

Batun takardar karatu ba shi da tsanani. In kana da NCE daga FCE Katsina ko Isa Kaita ta Dutsinma ko Yusuf Bala Usman ta Daura, ko digiri daga jami'ar Umaru Musa, musamman in ka taɓa riƙe alli ko da a bautar ƙasa ne, ka wuce da yawan waɗanda za ka ishe can, yara ne 'yan shekara sha takwas da suka gama sakandare suka fito shan iska. Ƙara da kwas ɗin TEFL, wato na koyon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, na awa 120 da ake yi ta intanet zai taimaka wurin aji, irinta mai suna CELTA ta jami'ar Kambirij ta fi daraja amma tsadarta ba ta mai aikin sa kai ba ce. Abu guda da zan ce ka yi aiki kanshi tun a gida shi ne bakinka, mu Hausawa P da F suna rikice mana, kuma yaran nan kwaikwayo gare su kamar rikoda, yadda ka faɗa haka za su ɗauka har abada. Ka riƙa naɗar muryarka a waya kana saurare, ka rage gudu, ka zubar da su "abi" da "now now" na Turancin Najeriya.

Tsawon zama kuma, don Allah kar ka yi mako biyu. Yaran nan sun gaji da baƙin da ke zuwa kowa ya fara daga "What is your name" da launuka da sunayen dabbobi, ya ɗauki hoto ya tafi, wani ya zo ya sake farawa daga nan, sai ka ishe yaro ya shekara uku yana karatu ya san launuka goma bai iya tambayar hanyar tasha ba. Ga kuɗɗin jirgi daga nan ba wasa ba, wata biyu zuwa uku shi ne mafi ƙaranci da zai biya wahalar. Ka kuma duba kalandarsu kafin ka yanki tikiti. Makarantun Tailan na babban hutu daga wajen Maris zuwa tsakiyar Mayu, ga bikin watsa ruwa na Songkran 13 zuwa 15 ga Afrilu, kuma daga Fabrairu zuwa Afrilu hayaƙin ƙona gonaki na rufe Chiang Mai ya fi hazon hunturunmu muni, mai asma kada ya kusanta. Lokacin da ya fi dacewa shi ne zaman damina da suke kira Vassa, wata uku daga wajen Yuli zuwa Oktoba, malamai ba su tafiye-tafiye kowa na gida, aji cike. A Dharamsala da Katmandu kuma sanyin Disamba zuwa Fabrairu ba irin wanda ka sani ba ne, Katmandu na bisa tudu wajen mita 1,400 kuma ɗakunan ba abin ɗumama su, sannan ana dogon hutu lokacin Losar, sabuwar shekarar Tibet, wajen Fabrairu ko Maris.

Hanya ba wuya, mota zuwa Kano, 'yan Daura ta Kazaure, daga filin jirgin Malam Aminu Kano ko Abuja ka hau Ethiopian ta Adis Ababa zuwa Bankok ko Delhi, ko Qatar ta Doha. Daga Bankok akwai jirgin ƙasa na dare zuwa Chiang Mai wajen awa 12 zuwa 13, daga Delhi kuma bas ɗin dare zuwa Dharamsala. Tikitin ya zama na zuwa da dawowa, ka buga wasiƙar gayyata da adireshin masauki a takarda ka riƙe a hannu don za a tsayar da kai a yi maka tambayoyi fiye da na gabanka a layi, ka amsa a natse. Kuɗɗi kada ka dogara da katin naira kaɗai, ka buɗe asusun dala ka riƙe kati, ka kuma riƙe ɗan tsaba sabbin takardu marasa yagewa don masu canjin can suna ƙin tsohuwar dala. Inshorar lafiya ka yi. Kuma ko ɗan uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ne ya ce ga saƙo ka kai wa wani, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba kada ka ɗauka, hukuncin ƙwaya a ƙasashen nan ba sauƙi, su tiramadol da maganin tari mai kodin ma in ba takardar likita kada su shiga jakarka. Sigarin lantarki haramun ne a Tailan. Kilishi da dambun nama kwastan na iya ƙwacewa, amma yaji da garin kunu da kuka da dabino za su cece ka ranar da shinkafa ta ishe ka.

Sai addini, wanda na san shi ne tambayar farko da za a yi maka a gida. Ni abin da na ɗauka koyar da harshe mu'amala ce, amma ka zamna da malaminka ka faɗa mashi yadda abin yake ka ji ta bakinshi kafin ka kashe ko kwabo, 'yar uwa mace kuma ga maganar muharrami wadda ke tsakaninki da gida. A can ba wanda zai tilasta maka rusuna wa mutum-mutumi, in ana addu'arsu ka tsaya daga baya shiru ko ka fita, ka faɗa wa shugaban gidan tun ranar farko cikin ladabi, mutane ne da suka san darajar mai riƙe doka don su ma cikinta suke, in azumi ya same ka can za ka ga sun fi kowa fahimta tunda su kullum daga tsakar rana ba su ƙara cin abinci sai gobe a ɓangaren Tailan. In da hali ka kama ɗaki a waje maimakon kwana cikin gidan ibadar, ka fi sakewa da sallarka. Alƙibla a can yamma take ba gabas ba, ka sa manhaja a waya, kuma agogon Tailan na gaban namu da awa 6, na Nefal awa 4 da minti 45, na Indiya 4 da rabi, saboda kiran gida. Chiang Mai na da masallatai, akwai na Ban Ho kusa da kasuwar dare wanda Musulmin da suka zo daga Yunnan ta Sin suka kafa, kewayenshi duk abincin halal ne. Katmandu akwai masallacin Juma'a da na Kashmiri kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar. A Tailan alade na shiga abinci ta inda ba ka zato, romo da mai da ɗan niƙaƙƙen nama cikin miya, ka sa a rubuta maka "ba na cin alade" da rubutunsu ka riƙa nunawa. Nefal da Indiya sauƙi ne, shinkafa da miyar wake da ganye, ka ce kai ba ka cin nama shi ke nan.

Amma fa kai ma kada ka je da niyyar wa'azi. An ba ka amanar yaran mutane ne don Turanci. In sun tambaye ka me ya sa kake wanke ƙafa sau biyar ka amsa, hira ce mai daɗi ma ta zama darasi, amma jan yaro gefe kana kushe abin da yake bauta mawa cin amana ne, kuma a Nefal laifi ne a doka, canza wa mutum addini na iya kai ka ɗaurin shekara 5. A Tailan kuma bakinka ya yi nesa da maganar sarki da gidan sarauta ko da wasa ko a Facebook, sashe na 112 na dokar laifuffukansu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ne.

Ladubban wurin yawancinsu ka riga ka iya. Cire takalmi a ƙofa, don haka tafi da silifas ko sandal mai sauƙin cirewa. Kaftani da hula sun yi daidai, hijabi ma haka, su abin da ba su so gajeren wando da kafaɗa a waje. Kada ka miƙe ƙafa tana kallon mutum-mutumin Buda ko babban malami, kada ka zamna sama da shi, kada ka tsallake littafi. Wanda zai ba ka wahala shi ne shafa kai, mu nan in yaro ya yi ƙoƙari sai ka shafa kanshi ka sa mashi albarka, can kai wuri ne mai alfarma ba a taɓawa, ga kawunan a aske sumul hannu na ƙaiƙayi, riƙe hannunka. Malama mace a Tailan da Lawos ba ta taɓa mai mayafi ko ɗan shekara bakwai ne, ba ta miƙa mashi abu hannu da hannu, aje littafin za ki yi bisa tebur ya ɗauka, wajen 'yan Tibet abin bai kai haka tsanani ba amma ki fara da taka-tsantsan. In za ka zagaya hasumiyarsu ta kasance a hannun damarka. Karnukan gidan ibada da birai kada ka yi wasa da su, in ɗaya ya cije ka ko ya yage ka wanke da sabulu ka nufi asibiti ranar, ciwon haukan kare na nan. Ruwan famfo ba a sha, sauron can kuma na rana ne mai kawo zazzaɓin dengi.

Cikin aji. Ranar farko za ka ce su maimaita jimla su ɗauka gaba ɗaya da murya ɗaya ba kuskure, ka ji daɗi ka ce ai sun iya, sai ka nuna guda ka tambaye shi ya sunkuyar da kai yana murmushi. Hadda ce sana'arsu, magana ce babu. Aikinka shi ne raba su biyu-biyu uku-uku kowa ya buɗe baki, kai ka rage surutu, in darasi minti arba'in ne naka kada ya wuce goma. Ka gina darasin bisa rayuwarsu, ƙarfe nawa suke tashi, me aka zuba masu a ƙwarya yau, ƙauyensu ina ne, me baƙo ke tambaya in ya shigo gidan kuma ya za a amsa mashi, kar ka kawo masu littafin da ke maganar zuwa sinima da budurwa da abincin dare ga yaron da doka ta hana shi duka ukun. Cikin dokokinsu goma akwai hana waƙa da rawa, saboda haka waƙoƙin nasare da wasan tsalle-tsalle ka tambayi shugaban makaranta tukuna, a Tailan sau da yawa za a ce a'a, a Nefal da Dharamsala kau yaran har ƙwallo suke bugawa da mayafinsu kuma sun san 'yan wasan Firimiya fiye da kai, in aji ya mutu jefa sunan Arsenal ka ga yadda zai tashi.

Kurakuransu na da tsari, in ka gane shi ka huta. Harshen Tai da na Lawo aikatau ba ya canzawa da lokaci, ba jam'i irin na Turanci, ba "a" ba "the", shi ya sa za ka ji "yesterday I go", sannan suna haɗiye baƙin ƙarshen kalma kuma R da L na cakuɗe masu. Ɗauki guda ka bi shi mako ɗaya, kada ka gyara komai lokaci guda yaro ya yi zuciya ya rufe baki. Kuma gyaran kada ya zama a gaban taro da tsawa, kunyata mutum a bainar jama'a babban abu ne a can, malamin da ya ɗaga murya shi ne ya faɗi ba yaron ba. Bulala kau ko a mafarki, ranar za a sallame ka. Aji ɗaya za ka ishe ɗan shekara tara da ɗan sha bakwai, sai ka naɗa manyan su zama masu taimaka maka su ja ƙananan. Kayan aiki kaɗan ne, allo da alli ko maka, wani lokacin wuta ta ɗauke wanda mu ba baƙonmu ba ne, ka tafi da katunan hotuna da taswirar duniya, hotunan hawan sallar Katsina da Gobarau da rijiyar Kusugu ma darasi ne guda, za su yi ta tambaya kan dawakai har lokaci ya ƙare. Wasu ƙananan ba su taɓa ganin baƙar fata kusa ba, za su zuba maka ido, wani ya so taɓa hannunka, kwana kaɗan ne ya wuce.

Kada ka keɓe da yaro ɗaya a ɗaki ƙofa rufe, kada ka ba yaro kuɗi a hannu don dokarsu ma ta hana shi riƙewa, in kyauta ce ka ba makaranta littattafai. Hotonsu kuma sai da izinin shugaban gidan, kuma ba kowane ne na ɗorawa a TikTok ba. Tun makon farko ka sayi littafin rubutu guda ka riƙa sa abin da kuka yi kowace rana, wane yaro ke gaba wane ke baya, me ya yi aiki me bai yi ba, ka bar shi hannun malamin ɗan ƙasa don mai zuwa bayanka ya ɗora daga inda ka tsaya. Wasiƙar shaidarka kuma ka nema saura mako biyu ka taso, a kan takarda mai tambarin makaranta da sa hannu da kwanan watan farawa da gamawa da adadin awannin da ka koyar, don in ka bari sai ka dawo Katsina ka riƙa bin su ta imel za ka daɗe kana jira.